Haƙƙin ƙirƙira: wa ya mallaki fasahar da ke nemo hoto a waya, da wadda ke kashe famfo idan tanki ya cika?

Ba a cika daɗewa ba sai ka ga bidiyon wani matashi yana yawo a Facebook ko TikTok: ya haɗa akwatin da ke mayar da gida kan janareta da zarar an ɗauke wuta, ko injin ƙyanƙyasar ƙwai mai daidaita zafi da kansa, ko manhajar da za ka nuna wa ganyen tumatir ta faɗa maka ciwon da ke damunsa. Nan take jama'a su rabu biyu. Wasu su ce gwamnati ta yi maza ta yi masa rajista kafin 'yan China su sace. Wasu kuma su ce ai babu abin da ya ƙirƙira, kwaikwayo ne, da masu abin za su gani ma da sun maka shi a kotu.

Duka ɓangarorin biyu a kan haƙƙin ƙirƙira suke magana, kuma sau da yawa duka biyun sun yi masa gurguwar fahimta. To me takardar nan take karewa? Wadda aka ba wani kamfani a Amurka tana da iko a kan mai gyara a Farm Centre ko mai haɗa inbata a Sabon Gari? Shi kuma matashin da ya riga ya nuna wa duniya aikinsa, me ya rage masa?

Ciniki ne, ba lambar yabo ba

Haƙƙin ƙirƙira, wanda lauyoyi ke kira fatent, ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai fito da sirrin abin da ya ƙirƙira, ya rubuta shi filla-filla yadda duk masanin fannin zai iya karantawa ya haɗa irinsa. Ita kuma hukuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin, ko shigo da shi, ko sayar da shi ba da izininsa ba, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda. Wa'adin na cika, abin ya zama na kowa. Tsarin ya tsufa: birnin Banis na Italiya ya kafa irin wannan doka a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, sannan yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta sa shekara 20 ta zama ma'auni kusan ko'ina.

Sharuɗɗan uku ne. Abin ya kasance sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ko'ina a duniya ba. Ya kasance ba abin da kowane gwanin fannin zai hango da sauƙi ba ne. Kuma ya zama ana iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta. Tunani zalla ba ya shiga. “Na yi tunanin na'urar da za ta riƙa kashe famfo da kanta” ba ƙirƙira ba ce a idon doka. Hanyar da ka bi ka sa famfon ya mutu ita ake dubawa.

Zuciyar takardar tana ƙarshenta, inda mai nema yake jera abin da yake da'awa ɗaya bayan ɗaya. Kamar takardar fili ce: ba unguwa aka ba ka ba, abin da ke tsakanin turakunka huɗu kawai ka mallaka, kuma takardar da gwamnatin Kano ta ba ka ba ta ba ka ko taku ɗaya a Katsina ba. Wannan na biyun shi ne mutane suka fi jahilta. Babu wani abu wai shi haƙƙin ƙirƙira na duniya baki ɗaya. Takardar Amurka a Amurka take aiki, ta China a China. Akwai dai tsarin PCT ƙarƙashin WIPO, hukumar duniya mai kula da irin waɗannan haƙƙoƙi da ke Janiba, wanda Najeriya ta shiga a 2005, amma ƙofar shigar da buƙata ce kawai. Yana ba ka kimanin wata 30 ka zaɓi ƙasashen da kake so, daga nan kowace ƙasa sai ka bi ta ka biya kuɗinta.

Kada kuma a haɗa shi da 'yan uwansa. Suna da tambarin kamfani alamar kasuwanci ce. Zanen atamfa ko fasalin kwalba rajistarsu daban ce, shekara 5 da ake iya sabuntawa sau biyu. Rubutun manhaja kuwa, a dokar Najeriya ta 2022, yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka ne irin na littafi.

Yadda waya ke gane atamfa

A ce wata Hajiya ta je biki ta ga atamfar da ta burge ta a jikin wata. Ta ɗauki hoto daga nesa, ta tura wa yaron shagon da take ciniki a Kantin Kwari: “Don Allah ɗana, nemo mini irin wannan, turmi biyu.” Babu suna, babu lamba, hoton ma a karkace yake, rabin zanen ya ɓuya a naɗin ɗaurin zani. A da sai dai ya bi layi-layi yana nuna wa abokan sana'a. Yanzu yana iya ɗora hoton a Google Lens ko a manhajar Alibaba, su jero masa masu kama da shi.

Aikin ba ƙarami ba ne, domin kwamfuta ba ta ganin fure ko tsuntsu. Lambobi take gani. Kowane ɗigo a hoto lambobi uku ne da ke nuna yawan ja, kore da shuɗi. Ka ɗauki atamfa ɗaya a rana, ka sake ɗaukarta a cikin shago ƙarƙashin fitila, lambobin sun sauya gaba ɗaya. Ka matsa kusa ko ka karkata wayar, sun sake sauyawa. Shi ya sa neman hoto na farko da kalmomi ake yin sa. Lokacin da Google ya buɗe sashen hotuna a 2001, rubutun da ke kewaye da hoto yake karantawa, ba hoton kansa ba. Kamfanin IBM ya gwada wata hanya tun farkon shekarun 1990 da tsarinsa mai suna QBIC, wanda ke auna launi, fasali da yanayin saƙar hoto, amma da zarar haske ko kusurwa ta sauya sai ya rikice.

Babban sauyi ya zo ne daga David Lowe, malami a Jami'ar British Columbia ta Kanada, wanda ya bayyana dabararsa mai suna SIFT a 1999. Maimakon a auna hoto duka, sai a tsinci wuraren da suka fita daban: bakin ganye, inda layi biyu suka gitta, ɗigon da ya yi duhu a tsakiyar fari. Kowane irin wannan wuri a siffanta shi da lambobi 128 waɗanda ba sa sauyawa sosai ko an juya hoton, ko an ƙara masa girma, ko haske ya ragu. Idan wurare masu yawa a hoton Hajiya suka dace da na wani hoto da ke ajiye, kuma jerinsu ya yi daidai, to atamfar ce, ko da rabinta a naɗe take.

Jami'ar ta nemi haƙƙin wannan dabara a Amurka a watan Maris na 2000, aka ba ta a 2004. Abin da ya biyo baya darasi ne a kan amfanin tsarin da illarsa a lokaci guda. Tunda an wallafa komai, masu bincike a duk duniya sun karanta sun gina a kai. Amma kamfanin da zai sa ta a kayan sayarwa a Amurka sai ya nemi lasisi. OpenCV, rumbun manhajojin sarrafa hoto na kyauta da ɗaliban kwamfuta ke koyo da shi har a nan Kano, ya ware SIFT a wani sashe na daban saboda wannan. Wasu injiniyoyi suka ga ba za su zauna jira ba, suka fito da ORB a 2011, wadda kowa zai ɗauka kyauta. Wa'adin takardar ya cika a Maris na 2020, kuma a shekarar OpenCV ya mayar da SIFT cikin babban rumbunsa.

Sai dai kafin wa'adin ya cika duniya ta riga ta yi gaba. A 2012 wasu masu bincike uku a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky, Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton, suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da tazara mai yawa, ta hanyar barin kwamfuta ta koya da kanta daga hotuna sama da miliyan ɗaya. Yau akasarin masu neman hoto haka suke aiki: a mayar da kowane hoto jerin lambobi, a nemo wanda jerinsa ya fi kusa. Kamfanoni na ci gaba da tara takardu a wannan fanni, amma a ganina ƙarfin ya bar takarda. Dabarun da yawa a buɗe suke ga mai son karantawa. Abin da Google da Alibaba suka fi ɗalibin Jami'ar Bayero da shi shi ne tarin hotuna da manyan kwamfutoci. Wannan ma shi ya sa manhajar za ta iya kawo wa yaron shagon nan leshi daga Guwanzu cikin daƙiƙa, amma ta kasa bambance ɗinkin hular zanna da na damanga: ba a koya mata da isassun hotunanmu ba. Kuma babu wata takardar waje da ta hana ɗan Kano tara su.

Inda aka yi ta rigima

Fannin hoto ya sha shari'a. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kamfanin ya sami takardarta a 1978, amma ya ci gaba da riƙe cinikin fim har kasuwa ta kuɓuce masa. Kodak ya bayyana karyewa a Janairun 2012, kuma a ƙarshen shekarar aka amince da sayar da takardunsa na hoton dijital kimanin 1,100 a kan kusan dala miliyan 525 ga gungun kamfanonin da suka haɗa da Apple, Google, Facebook da Samsung. Takarda dukiya ce, amma ba ta riƙe kamfanin da ya ƙi bin zamani ba.

Akwai kuma masu farauta da ita. A 2002, bayan shekara 10 duniya na amfani da tsarin ajiye hoto na JPEG, kamfanin Forgent na Amurka ya fito ya ce yana da takardar da ta shafi tsarin. Ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga kamfanoni kafin hukumar Amurka ta soke muhimman da'awoyinsa, wa'adin takardar kuma ya ƙare a 2006. Kamfanin Denso Wave na Japan ya bi akasin wannan hanya. Ya ƙirƙiro lambar QR a 1994, ya riƙe takardarta, amma ya ce ba zai nemi kuɗi daga masu amfani da ita ba. Shi ya sa take ko'ina yau.

Akwatin da ke yanke hukunci da kansa

Na'urar sarrafawa, komai girmanta, aiki uku take yi: ta ji halin da ake ciki, ta kwatanta da abin da ake so, ta ba da umarni. Buɗe akwatin kula da famfon rijiyar burtsatse da ake haɗawa a gari ka gani. Wayoyi sun sauka cikin tanki, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. A kan fanel akwai ƙaramar aisi, wato ƙwaƙwalwar akwatin, a gefenta rile, wanda za ka ji ya yi ƙas idan ya haɗa wuta. Ruwa ya sauka ƙasa da wayar ƙasa, famfo ya tashi. Ya taɓa ta sama, famfo ya mutu. Tazarar da ke tsakanin wayoyin biyu da gangan aka bar ta, don da a wuri ɗaya ake kunnawa da kashewa, da famfon ya yi ta fizga duk lokacin da aka ɗebi bokiti guda har ya ƙone. Gwani yakan ƙara wani sashe da zai kashe injin idan rijiya ta ja baya, ko idan wutar ta zo da rauni, abin da duk mai hulɗa da wutar garin nan ya san muhimmancinsa.

Tushen duk wannan tsoho ne. Warren Johnson ya sami takardar na'urar daidaita zafin ɗaki ta lantarki a Amurka a 1883. Nikola Tesla ya sami ta sarrafa ƙaramin jirgin ruwa daga nesa ba tare da waya ba a 1898. Nicolas Minorsky ya wallafa lissafin tuƙa jirgin ruwa da kansa a 1922, lissafin da har gobe shi ke riƙe zafin injin ƙyanƙyasa mai kyau. Kwamfutar masana'anta da ake kira PLC, irin wadda ke tafiyar da injinan roba da na lemo a Sharaɗa, Bompai da Challawa, ta fito ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin motoci na General Motors ya gaji da sake ɗaure ɗaruruwan rile duk sanda ya sauya samfurin mota. Duk takardun wancan zamani sun daɗe da mutuwa.

Saboda haka mai cewa za a kai matashin nan kotu don ya haɗa akwatin sauya wuta bai san zancen ba. Amma mai cewa a yi masa rajista shi ma da wuya ya yi daidai, domin abin ba sabo ba ne. Abin da ake ba takarda yanzu ƙananan gyare-gyare ne: wata keɓantacciyar hanyar tatsar wuta daga farantin sola, ko yadda na'ura za ta koyi lokutan da masu gida ke kunna sanyi. A kan irin wannan Honeywell ya yi ƙarar kamfanin Nest a 2012, suka sasanta a 2016.

Fannonin biyu suna haɗuwa a wuri guda da Kanawa suka sani, wato injin tsince shinkafa da riɗi. Ƙwayoyi na zubowa, kyamara na kallon kowace ɗaya, na'urar sarrafawa na harba iska ta fitar da baƙa ko tsakuwa. Irin wannan inji akwai takardu masu rai a cikinsa a ƙasashen da ake ƙera shi, kuma kuɗinsu na cikin farashin da mai kamfani ya biya.

Dokar Najeriya da raminta

Dokar da ke aiki a nan ta 1970 ce, an yi ta kafin kyamarar Sasson. Ofishin rajista yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, shari'a kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke yin ta. Dokar ba ta ambaci manhaja ba ko kaɗan. Ta dai ce ƙa'idoji da binciken kimiyya zalla ba ƙirƙira ba ne. A Amurka ma sai a 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Alice, ta taƙaita ba da takarda ga tunanin da aka ɗora a kwamfuta kawai.

Babban abin da ya kamata a sani shi ne, ofishin Najeriya ba ya binciken ko abin da ka kawo sabo ne. Yana duba cikar takardu da biyan kuɗi, sannan ya bayar, kuma dokar da kanta ta ce ana bayarwa ne ba tare da lamunin inganci ba. A Amurka, Turai, Japan da China akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne su tono tsofaffin takardu su ce maka an riga ka. A nan sai ranar da aka je kotu ake sanin ko takardar na da nauyi. Don haka idan ka ji an ce wata jami'a ta sami takardu kaza a bana, abin a yaba ne, amma ba hujja ba ce cewa an ƙirƙiro sabon abu. Tambayar da ta fi ita ce nawa daga ciki wani kamfani ya saya ko ya karɓi lasisinsu.

Duk da haka ba takardar banza ba ce. A Janairun 2014 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin a biya kamfanin Bedding Holdings diyyar sama da naira biliyan 17 a ƙarar da ya shigar da INEC da wasu, a kan tsarin ɗaukar bayanan masu zaɓe da na'ura. Ko me mutum yake gani game da hukuncin, ya nuna cewa wanda ya riga shigar da takarda yana da sanda a hannu.

A Najeriya wanda ya fara shigarwa shi doka ta sani. Akwai kuɗin shekara-shekara, idan ba a biya ba, bayan rangwamen wata 6 takardar ta faɗi. Abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikin da aka ɗauke shi ya yi, na wanda ya ɗauke shi ne, ko da yake doka ta ba shi damar neman lada a wasu halaye. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike da masu ƙirƙira wajen shigar da buƙata.

Bidiyo kafin rajista

Nan ne masu fatan alheri suke yi wa matashi illa ba su sani ba. Sharaɗin sabunta bai ware mai ƙirƙirar kansa ba. Idan ya buɗe akwatin a gaban kyamara ya bayyana yadda ya haɗa, ko ya sayar da guda goma a unguwa, ko aka ajiye kundin digirinsa a ɗakin karatu inda kowa zai ɗauka, to abin ya shiga hannun jama'a, kuma duk wanda ya ja da shi a kotu da wannan zai kafa hujja. Amurka tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara guda. Dokarmu ba ta da irin wannan, sai wani ɗan sassauci na wata 6 ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi.

Wanda ya yi imanin yana da sabon abu, tsarin shi ne ya bincika tukuna, ya shigar da takarda, sannan ya kira 'yan jarida. Daga ranar shigarwa yana da wata 12, bisa yarjejeniyar Faris ta 1883, ya nemi kariya a wasu ƙasashe da wannan kwanan wata. Sai dai kuɗin lauyoyi da na fassara a waje dubban daloli ne a kowace ƙasa, kuma hukuma ba ta yi maka gadi. Kai za ka gano mai kwaikwayo, kai za ka kai shi kotu da kuɗinka.

Masu goyon baya da masu suka

Masu kare tsarin suna cewa ba wanda zai zuba dukiya da shekaru a bincike idan maƙwabcinsa zai kwafe a mako guda, kuma ba don takarda ba da kowa ya binne sirrinsa. Wannan magana tana da ƙarfi a wurinmu. Mun san gwanaye da yawa, a ƙira da jima da haɗa magani, da suka tafi da iliminsu saboda tsoron a ƙwace. Mun kuma san mai haɗa na'ura da ke kankare lambar jikin aisi ko ya zuba mata baƙin gam don kada wani ya gane, ƙarshenta idan ta lalace babu mai iya gyarawa sai shi.

Masu suka kuma suna cewa shekara 20 ta yi yawa a fannin da waya ke tsufa cikin shekara uku, kuma ribar tsarin tana gangarawa ne wuri ɗaya. A 2023 an shigar da buƙatu sama da miliyan 3 da rabi a duniya, kusan rabinsu a ofishin China, yayin da duk ofisoshin Afirka ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin ilimi ba abin killacewa ba ne. Abin lura dai shi ne, wannan takarda ba ta ɓoye ilimi, tilasta bayyana shi ma take yi. Cin kasuwarsa kawai take taƙaitawa na wani lokaci.

Mai gyara, ɗan kasuwa da mai saye

Mai gyaran waya a Farm Centre ko titin Beirut ba shi da abin tsoro. Dokar ta ce ikon mai takarda bai bi kayan da aka riga aka sayar bisa ƙa'ida a Najeriya ba, kuma ya tsaya ne a kan ayyukan kasuwanci da masana'anta, don haka ɗalibin da ke gwaji a ɗakin bincike ma ya fita. Abin da ke hana gyara a zahiri ba doka ba ce, kulle manhaja ne, kamar yadda makanikai ke fama da ƙwaƙwalwar motocin zamani.

Mai shigo da kaya shi ya kamata ya ɗan kula, domin shigowa na cikin abin da mai takardar Najeriya zai iya hanawa. Mai kai kaya Maraɗi ko Damagaram kuma ya sani cewa Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki. Amma haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwar Kano ba wannan ba ne. Manna sunan wani kamfani a kan inbata ko sitabilaizar da aka haɗa a gida shi ne jabu, kuma laifi ne ko da fasahar cikin ta kowa ce.

Mai saye kuwa yana biya bai sani ba. Kowace waya akwai kuɗin lasisin fasahar sadarwa da ta hoto a cikin farashinta. A 2024 Qualcomm, kamfanin Amurka mai ƙera ƙwaƙwalwar waya, ya yi ƙarar Transsion, mai Tecno, Itel da Infinix, a wata kotu a Indiya. Ba a Kano aka yi shari'ar ba, amma duk abin da irin wannan rigima ta ƙara wa mai ƙera waya, a kan teburin mai sayarwa yake sauka.

Rumbun da ba a shiga

Ɓangaren cinikin da muka fi yin asararsa shi ne na bayyanawa. Takardu sama da miliyan 100 suna nan kyauta a Google Patents, da Espacenet na ofishin Turai, da Patentscope na WIPO, da zane-zanensu da bayanin kowane sashe. Mafi yawansu ko dai wa'adinsu ya cika, ko an daina biya musu kuɗin shekara, ko ba a taɓa yi musu rajista a Najeriya ba. Wanda ba shi da rajista mai rai a nan, halal ne a doka ka ƙera shi ka sayar a nan.

An rarraba su da lambobi, kuma sanin lambar ya fi buga kalma sauri. Neman hoto yana ƙarƙashin G06F 16/50. Na'urorin sarrafawa gaba ɗaya G05B ne. Mai akwatin tanki ya duba G05D 9, mai daidaita zafi G05D 23, mai sauya wuta da kanta H02J 9/06, mai injin ƙyanƙyasa kuma A01K 41. Turancin takardun yana da nauyi, lauyoyi ne suka rubuta, don haka a fara da zane, a koma bayanin da ke bin lambobin zanen, a bar da'awoyi sai ƙarshe. Google Patents yana nuna ranar shigarwa da matsayin takardar a gefe, yana kuma fassara na China da na Japan zuwa Turanci. Abin da ba zai nuna maka ba shi ne rajistar Najeriya. Wannan sai an nemi bincike a ofishin Abuja, kuma ya kamata a yi shi kafin a zuba jari mai yawa a ƙera wani abu da bai kai shekara 20 da fitowa ba.